Jirgin ƙasa a cikin ɗaki: yadda ake shimfiɗa layin dogo a wuri ƙanƙane

A ƙasashen Turai da Japon akwai wani abin sha'awa da manyan mutane suke kashe wa kuɗi da lokaci, likitoci da malaman makaranta da ƴan kasuwa da waɗanda suka yi ritaya: suna gina ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiya da wutar lantarki a cikin gidajensu, da tasharsa da gadojinsa da ƙauyukan da yake ratsawa. Abin ya daɗe. Kamfanin Märklin na ƙasar Jamus, wanda aka kafa a 1859, ya nuna jiragensa na farko masu layin da ake harhaɗawa a kasuwar baje kolin Laifzig a 1891. A birnin Hamburg kuwa an buɗe Miniatur Wunderland a 2001, inda tsawon layin ya haura kilomita 15. To amma mai gidan haya ba shi da irin wannan fili. Shi abin da ya dame shi guda ne: ina zai sa jirgin, iyali kuma su samu wurin zama?

Matakin farko shi ne zaɓen ma'auni, kuma a nan ne kuɗin mutane da yawa suke salwanta. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya ana kiransa HO: ana rage kowane abu sau 87, tazarar ƙarafan layin kuma milimita 16.5 ce. Na biye da shi N, wanda kamfanin Arnold na Nuremberg ya fito da shi a 1962, ragi sau 160, tazara milimita 9. Mafi ƙanƙanta cikin ukun shi ne Z na Märklin, na 1972, ragi sau 220, tazara milimita 6.5. Taragon fasinja mai tsawon mita 26.4 yakan koma santimita 30 a HO, santimita 16.5 a N, santimita 12 a Z. Kilomita guda na hanya kuwa yana cin mita 11.5 a HO, mita 6.25 a N. Kayan wani ma'aunin ba sa hawa layin wani, saboda haka wanda ya sayi kan jirgi kafin ya auna ɗakinsa yana iya wayar gari da kaya masu tsada da ba su da wurin tafiya.

Kwana ce take cin fili fiye da kome. Kafin jirgin HO ya kewaya ya dawo inda ya tashi, sai an ba shi falanki mai faɗin santimita 80 ko fiye. Jirgin N yana yin wannan kewaye a rabin haka, shi ya sa ake shimfiɗa masa hanya a kan tsohuwar ƙyauren ɗaki, a jingine ta da bango idan an gama. Wannan ne dalilin da ya sa N ya mamaye Japon, inda gidajen birni suke da ƙunci. Kamfanin Kato ya soma ƙera shi a 1965.

Mutanen Ingila sun bi wata dabarar: sun haƙura da kewaye gaba ɗaya. Wani mai suna Alan Wright ya yi suna da tsarin da ake kira Inglenook, a kan katako mai tsawon santimita 120 da faɗin 30, wanda zai zauna a kan kanta. Layi guda ne ya rabu uku: ɗaya yana ɗaukar taragu 5, sauran biyun 3 kowanne. Taragu 8 ne a tashar. Ana zaɓen 5 ta hanyar ƙuri'a, sai mai wasa ya jera su bi da bi kamar yadda ƙuri'ar ta faɗo, alhali kan jirgin ba ya iya ja da baya da fiye da 3 a lokaci guda. Jeri iri 6,720 ne yake iya fitowa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa jiran a fito masa da kayansa daga tsakiyar taragu a tashar Faraku ko ta Kano ya san wannan aiki ba na wasa ba ne.

Bayan shimfiɗa layi sai ƙawata wuri. Ana yin tudu da soso mai tauri ko kwali, a shafe shi da filasta, a yi masa fenti. Ciyawa daga garin katako da aka rina take fitowa, itatuwa daga waya da aka murɗa, tsakuwar ƙarƙashin layi kuma ana kama ta da gam da aka tsarma da ruwa. Mutum a ma'aunin HO bai wuce santimita 2 ba. Gwanaye suna da ƙa'idojin da suka koya da asara. Kada faɗin katako ya wuce inda hannu yake kaiwa, wato santimita 60 zuwa 70. Kada hawa ya wuce santimita 3 a cikin kowane mita, in ba haka ba kan jirgi zai riƙa sulɓi. Ke nan gadar da za ta tashi santimita 9 tana bukatar mita 3 na hanya. A sa manyan gidaje gaba, ƙanana a baya, a zana sararin sama a allon bango, ido sai ya ga nisa inda babu shi. A kuma gwada tafiyar jirgi kwanaki kafin a manne kome, domin gyaran layin da gam ya kama ɓarna ne.

Wanda zai gwada a nan ƙasar ya san cewa babban abokin gabarsa ƙura ce. Ta cikin ƙarafan layi wuta take shiga injin, ƴar ƙura kaɗan ta isa ta tsayar da shi, saboda haka sai da murfi, musamman da hunturu. Zafin rana kuma yana lanƙwasa roba, kada a ajiye shi kusa da taga. In tashar Faraku yake so ya kwaikwaya, layin Kwatano mai tazarar mita guda ne, kuma akwai layin milimita 12 da ake kira HOm da aka yi domin irinsa.

An gina layin Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, an kuma aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi a 2021. Yaran da suke ƙera motocin waya da gwangwani a unguwanninmu suna da hannun wannan aiki tun tuni. Abin da ya rage musu shi ne awo da lissafi, kuma uban da ya zauna da ɗansa suka raba mita 26.4 da 87 ya riga ya soma koya masa.