Matsalar Ɗora Manhajar Nazarin Yanayi a Kan Kwamfutar Kwaikwayo: Misali Daga Lafiya

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi matsalar da kan taso idan aka ɗora manhajar nazarin yanayi a kan kwamfutar kwaikwayo, watau kwamfutar da ba ta da gangar jiki, an gina ta ne da manhaja a cikin wata kwamfutar. An ɗauki Lafiya, hedikwatar Jihar Nasarawa tun 1996, a matsayin misali, domin manoman doya da riɗi da shinkafa na wannan yanki sun dogara ga damina mai farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, kuma wanda ya yi gaggawar shuka yakan yi asarar iri.

2.0 Aikin Mai Hasashe

Masu hasashe, irin na hukumar NiMet da aka kafa a 2003, suna amfani da hotunan taurarin Meteosat na ƙungiyar EUMETSAT da ke Jamus. Taurarin zubi na biyu kan aiko da hoto duk minti 15, na zubi na uku kuwa, waɗanda aka harba na farkonsu a Disambar 2022, duk minti 10. Hoto ɗaya ba ya biyan buƙata. Sai an jera su da yawa suna gudana kamar majigi, an shimfiɗa taswirar iska da ta danshi a kansu, sannan a gane ko hadarin da ya taso daga gabas zai biyo ta Lafiya. Zana wannan duka a fuskar kwamfuta aikin katin zane ne.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙar

Dabarar kwaikwayo tsohuwa ce, domin kamfanin IBM ya fito da tsarin VM/370 tun 1972. Ga cibiya irin Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, amfaninta a fili yake: babbar kwamfuta ɗaya za ta ɗauki ɗalibai da dama, kamar gidan haya mai ɗakuna. Ƙwaƙwalwa da ma'adana suna rabuwa cikin sauƙi, amma katin zane ba ya rabuwa haka. Abin da akan ba kowace 'yar haya shi ne katin jeka-na-yi-ka. Manhaja irin CAVE, wadda masu hasashen Amurka ke aiki da ita, tana neman katin gaske mai aiki da OpenGL. Idan ba ta samu ba, ko dai ta ƙi buɗewa, ko kuwa nauyin zanen ya koma kan ƙwaƙwalwa, hoto ya riƙa tafiyar hawainiya alhali hadari ba ya jira.

Ana iya mallaka wa 'yar haya ɗaya katin kacokan, sai dai sauran sun rasa ke nan. Ana kuma iya gutsuttsura shi ta fasahar kamfanin NVIDIA, amma wannan na buƙatar kati na musamman da kuɗin lasisi, waɗanda kan yi nauyi ga mai saye da naira.

Ya kamata a bambance lissafi da kallo. Manhajar lissafin hasashe irin WRF ba ta zana komai yayin aikinta, don haka takan zauna lafiya a kwamfutar kwaikwayo. Abin da ya fi dacewa da ƙaramar cibiya shi ne ta bar lissafi can, ta keɓe kwamfuta ɗaya ta zahiri mai katin kirki domin duba hotuna, ta kuma haɗa ta da batir saboda ɗaukewar lantarki.