Daƙiƙa Ashirin a Tashar Minami-Nagareyama

Ranar 14 ga Nuwamba, 2017, wani jirgin ƙasa ya tashi daga tashar Minami-Nagareyama, a birnin Nagareyama na Japan, da ƙarfe 9:44 da daƙiƙa 20 na safe. Jadawali kuwa daƙiƙa 40 ya ce. Kamfanin jirgin ya fito ya ba da haƙuri a rubuce, ya ce ma'aikacinsa ne bai duba jadawalin da kyau ba. Ba fa wanda ya kai ƙara. Da na fara karanta labarin, wallahi dariya na yi.

Sai daga baya na gano dalili. Tashar mahaɗa ce. Layin Tsukuba Express, wanda aka buɗe a 2005, yana kwasar ma'aikata da ɗalibai zuwa Akihabara a Tokyo, kuma a nan yake haɗuwa da layin Musashino. Mai bin hanyar kullum ya sauko daga wancan jirgin, ya gangara ƙarƙashin ƙasa, ya riga ya san lokacin da zai iso bakin ƙofa. In ta rufe da wuri, sai ya jira na gaba, ƙila kuma wanda zai hau a Tokyo ya wuce shi.

Ga inda abin ya fi burge ni. A Japan, idan jirgi ya yi lattin kamar minti biyar, tasha kan ba fasinja takardar shaida ya nuna wa oga ko malami. Mu masu lacca ƙarfe takwas mun san darajar irin wannan takarda! To amma jirgin da ya riga lokaci ya bar ka a tsaye, takardar me za ka nuna?