Kada Gara Ta Riga Mu: Tara 'Yan Littattafan Waƙoƙin Bege Da Soyayya

Da wuya mutum ya shiga gidan tsohon malami ko na tsohon ɗan kasuwa a yammacin Kano, ko a Gammo ne, ko Garo, ko Gude cikin ƙasar Kabo, ko kuwa Getso da Kutama cikin ƙasar Gwarzo, ya rasa wata adaka ko gafaka da a ke zuba takardu. In an buɗe ta, a kan tarar da waɗansu 'yan littattafai marasa kauri, masu shafi takwas ko goma sha shida, takardarsu ta yi ja, bangonsu ya fara rabuwa. Da yawa daga cikinsu waƙoƙi ne na bege da na soyayya, waɗanda ƙananan maɗaba'u suka buga, aka sayar da su a kasuwa da 'yan kwabbai. Muna so mu jawo hankalin malaman makaranta da akawuna ga waɗannan 'yan littattafai, domin arharsu ita ce ta sa aka raina su, rainin kuwa shi ne ya ke ƙarar da su.

YADDA TURAWA SU KE YI

A Ingila akwai mutane waɗanda ba su da wani abin sha'awa da ya wuce neman littattafan da ƙananan maɗaba'u suka buga. Asalin abin shi ne, waɗansu masu son ɗab'i sun ga manyan kamfanoni ba su kula da kyan aiki, sai suka kafa nasu 'yan wuraren. William Morris ya kafa maɗaba'ar Kelmscott a London cikin 1891, kafin a rufe ta cikin 1898 ta fitar da littattafai 53, kowanne an buga shi da hannu, kuma ba a buga da yawa ba. Littafin farko da maɗaba'ar Nonesuch ta fitar cikin 1923 waƙoƙin soyayya ne na wani mawaƙin Ingila, John Donne, an kuwa ƙayyade yawansa, kwafi 1,250.

Amma labarin da ya fi kusa da namu shi ne na Edward FitzGerald, wanda ya juya baitocin Umar Hayyam, mutumin Farisa, zuwa Turanci. Cikin 1859 aka buga kwafi 250, ba ko sunan mai fassarar a jiki. Ba wanda ya kula, har mai kantin, Bernard Quaritch, ya gaji da ajiya, ya zuba su cikin akwatin da a ke sayar da kome kwabo kwabo. Cikin 1861 waɗansu mawaƙa suka tsinci littafin a can, suka yaba shi, sunansa ya bazu. Yau kwafi ɗaya na wannan bugu na farko ya kan ci dubban fam. Watau littafin da ya yi arha har aka ƙi adana shi, shi ne daga baya a kan nema ruwa a jallo.

NAMU MAƊABA'UN

Manyan wuraren ɗab'i na Arewa sanannu ne. An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya cikin 1945, hukumar NORLA ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, sa'an nan kamfanin NNPC ya biyo baya cikin 1966. Abin da waɗannan suka buga ya shiga makarantu da ɗakunan karatu, saboda haka ba shi da wuyar samu ƙwarai. Amma a gefensu akwai ƙananan maɗaba'u na birnin Kano, irin su Oluseyi, da Adebola, da Northern Maktabat, waɗanda suka buga wa malamai da 'yan kasuwa ɗimbin littattafai na Larabci da na ajami.

Ga yadda aikin ya ke. Mawaƙi ya tsara waƙarsa, sai a kai wa mai kyan hannu ya rubuta ta da tawada, kamar yadda a ke rubuta kundi. Mai ɗab'i ya ɗauki hoton wannan rubutu, ya buga shi yadda ya ke, don haka mai karatu hannun marubucin ya ke gani, da wasullansa da adonsa. Cikin masu irin wannan hannu, Sharif Bala Gabari ya yi suna ƙwarai a Kano. Kuɗin bugawa kuwa galibi wani attajiri ne ko mai sayar da littattafai ya kan biya, a rubuta sunansa a bango ko a shafin ƙarshe. Daga kasuwar Kurmi sai 'yan koli su kwasa, su bi kasuwannin ƙauye da su. Ta wannan hanya ce suka iso ƙasar Kabo da Gwarzo. In bugun ya ƙare ba a sake ba, shi ke nan, sai abin da ya rage a hannun mutane.

BEGE IRI BIYU

Waƙoƙin so da aka buga ta haka iri biyu ne. Na farko, kuma mafi yawa, shi ne begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malamanmu sun gaji wannan daga Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus wanda ya rasu cikin 1230, da Burda ta Busiri, mutumin Masar, sa'an nan suka yi nasu da Hausa. Kowa ya san Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu cikin 1990. Amma bayan sanannun akwai mabegata masu yawa na Ƙadiriyya da Tijjaniyya waɗanda sau ɗaya tak aka buga waƙarsu, ba wanda ya san da ita yanzu sai zuriyarsu.

Iri na biyu shi ne soyayya tsakanin namiji da mace. Wannan kunya ta daɗe tana danne shi, mai waƙa ya kan ɓoye ta, ko ya karanta wa abokansa kaɗai. Littafin Dausayin Soyayya na Bello Sa'id, wanda Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya buga cikin 1982, yana cikin 'yan kaɗan da suka sami gatan hukuma. Daga tsakiyar shekarun 1980 sai matasa, maza da mata, suka shiga buga littattafan soyayya da kuɗin aljihunsu a Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da littattafan Balaraba Ramat Yakubu da na Bilkisu Funtuwa. Labarai ne, amma cikin irinsu a kan sami wasiƙu da baitoci na masoya. Waɗannan sun sha suka daga iyaye da malamai, har cikin 2007 aka ƙona waɗansu a bainar jama'a a Kano, a wani taro na hukumar A Daidaita Sahu.

Ba mu ce duk abin da aka buga mai kyau ne ba, kuma uba yana da iko ya zaɓa wa 'ya'yansa abin da za su karanta. Amma adana littafi dabam, yarda da abin da ke cikinsa dabam. Wanda zai rubuta tarihin zamaninmu nan da shekara ɗari zai so ya san da wane irin harshe saurayi ya ke zance da budurwa, da abin da mata su ke kuka da shi game da aure. In an hallaka shaidar duka, sai ya dogara ga maganar masu suka kaɗai.

WA YA RIGA MU?

Wannan aiki ba baƙo ba ne a gare mu. Alhaji Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu cikin 1962, ya tara takardu da littattafai fiye da dubu uku. Amma wanda ya ke son ganinsu yau sai ya tafi Amurka, domin suna ɗakin karatu na Jami'ar Northwestern, kusa da birnin Chicago. A can kuma a ke ajiye da littattafan kasuwa waɗanda John Paden ya tara sa'ad da ya ke bincike a Kano cikin shekarun 1960. Haka nan Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tsara jerin ɗaruruwan littattafan Hausa na kasuwa waɗanda aka buga daga 1987 zuwa 2002, jerin ya fito a Jamus cikin 2004. Ba mu ga laifinsu ba, don da ba su tara ba, da wani abin ya ɓace. Abin da ke damunmu shi ne ɗalibi daga Gammo ya rasa a ƙasarsa abin da ɗalibin Chicago ya ke da shi kusa da hannu.

Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa kowane mai buga littafi ya ba da kwafi uku a ajiye. Amma mai buga 'yar waƙa ta shafi takwas don kasuwar Kurmi da wuya ya san da wannan doka. Saboda haka adakar da ke ɗakin wani tsoho tana iya zama ita kaɗai ce ma'ajiyar wata waƙa a duniya duka.

YADDA A KE GANE SHEKARA

Babbar wahalar mai tarawa ita ce yawancin waɗannan littattafai ba su da shekarar bugu. Amma akwai alamomi. In an rubuta farashi da sule ko sisi, to, an buga shi kafin Janairu 1973, lokacin da naira ta shigo. In adireshin maɗaba'a ya ambaci Jihar Kano, to, bai riga 1967 ba, shekarar da aka ƙirƙiro jihohi. In akwai lambar wayar hannu irin ta yanzu a bango, to, daga 2001 ne zuwa gaba. Mawaƙan ajami kuma su kan rufe waƙa da ramzi, watau kalmar da in an lissafta haruffanta a kan sami shekarar Hijira. Sai dai a kiyaye, ramzi shekarar da aka tsara waƙa ya ke nunawa, bugu yana iya zuwa bayanta da shekaru masu yawa.

Darajar kwafi tana ga cikarsa. Wanda bangonsa da shafin ƙarshe ke nan ya fi wanda ya rasa su nesa ba kusa ba, domin a nan sunan marubuci, da na mai biyan kuɗi, da na maɗaba'a su ke. In mai littafin ya rubuta sunansa ko wani bayani a gefe, kada a goge, wannan ma tarihi ne.

AJIYA DA AMANA

Maƙiyan takarda huɗu ne: gara, da laima, da kyankyaso, da rana. A sa littattafai cikin akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora shi bisa benci nesa da bango, a riƙa dubawa, tun ba da damina ba. In ƙarfen da aka ɗinke littafi da shi ya yi tsatsa, a cire shi a hankali, a naɗe littafin cikin farar takarda. Kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, don daga baya gam ɗinsa ya kan ɓata takardar. Sa'an nan a buɗe rajista, abin da akawu ya fi kowa iyawa: sunan waƙa, da mawaƙi, da marubuci, da maɗaba'a, da yawan shafi, da garin da aka samo shi, da ranar da aka samo.

Akwai kuma maganar amana. Waɗannan takardu gado ne, suna da masu su. Bai halatta a yaudari marayu ko tsohuwa a karɓe musu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ba ya son rabuwa da nasa, a roƙe shi izini a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a mayar masa da abinsa nan take. In waƙar ta ambaci sunan wata mace wadda ita ko 'ya'yanta ke da rai, a adana, amma kada a yaɗa. Abin da aka tara kuwa a sanar da wuraren da aka kafa domin wannan aiki, kamar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, da Jami'ar Bayero, da Gidan Arewa a Kaduna.

Malamin makaranta ya san gidan kowane yaro, akawu kuma ya san dagatai da masu unguwanni, saboda haka ba wanda ya fi su dacewa da wannan aiki. Ba ya bukatar kuɗi mai yawa, sai akwati ɗaya, da rajista ɗaya, da haƙuri. Da yayyafi kogi kan cika. In kowace makaranta a ƙasar Kabo da Gwarzo ta ceci littafi goma a shekara, ba da daɗewa ba za a sami taskar da masu bincike za su riƙa yin takakka su zo gani. Muna fata masu karatunmu za su fara da adakar gidansu kafin damina mai zuwa. Allah ya taimake mu, amin.