Yadda muhawara ta intanet ta riƙe ɗalibai a zamanin kullen korona

A ranar 19 ga Maris, 2020 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu domin daƙile yaɗuwar cutar korona, mako uku bayan tabbatar da ɓullarta a Legas. Ranar 30 ga watan kuma dokar kulle ta fara aiki a Abuja da jihar Legas. A faɗin duniya, hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa rufe makarantu ya shafi ɗalibai kimanin biliyan 1.6 a ƙasashe fiye da 190.

Jihohi irin su Legas da Kaduna sun mayar da darussa rediyo da talabijin. Hakan ya taimaka, sai dai darasin rediyo sauraro ne kawai: malami na magana, ɗalibi na shiru, ba tambaya balle musu. Wannan giɓin ne shirye-shiryen muhawara da na jagorancin ɗalibai ta intanet suka yi ƙoƙarin cikewa.

Abin da ya sa muhawara ta jure

Darasin kimiyya na buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, ƙwallo na buƙatar fili. Ita kuwa muhawara kayan aikinta kaɗan ne: maudu'i, da abokin karawa, da alƙali, da agogo. Duk waɗannan suna iya haɗuwa a wayar salula.

Shi ya sa Gasar Muhawarar Makarantun Sakandare ta Duniya, wadda aka shirya yi a birnin Mexico a 2020, ba ta mutu ba. An gudanar da ita ta intanet, inda Kanada ta doke Sri Lanka a zagayen ƙarshe. A 2021 ma ta wannan hanya aka yi Gasar Muhawarar Jami'o'i ta Duniya, wadda Koriya ta Kudu ta karɓi baƙuncinta.

Ƙa'idojin ba su sauya ba. A tsarin sakandare kowane ɓangare na da masu magana uku, kowa da minti takwas, sannan jawabin kammalawa na minti huɗu. A tsarin jami'o'i, wanda aka kwaikwayo daga majalisar Birtaniya, tawaga huɗu ce mai mutum bibbiyu, kowa da minti bakwai, kuma minti 15 kacal ake bayarwa na shiri bayan an bayyana maudu'i. Abin da ya sauya shi ne zauren. Wanda a da yake miƙewa tsaye domin ya jefa wa mai magana tambaya, yanzu sai ya ɗaga hannu a manhajar Zoom ko ya rubuta a akwatin saƙo.

Amfanin wannan horo ya wuce cin kofi. Ba ɗalibi ne ke zaɓen ɓangaren da zai kare ba, ƙuri'a ce ke ba shi. Tilas ya nemo hujjar ra'ayin da wataƙila bai yarda da shi ba, ya saurari abokin hamayya har ƙarshe, sannan ya mayar da martani ba tare da zagi ba. A lokacin da jita-jita kan korona ta cika WhatsApp, har wasu na cewa cutar ta masu kuɗi ce kawai, yaron da ya koyi tambayar "mece ce hujjarka?" ya samu garkuwar da ba a sayarwa a kemis.

Yayye a matsayin jagorori

A Najeriya kullen ya zo daidai da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wanda ya fara a watan Maris bai ƙare ba sai 23 ga Disamba, 2020. Wata tara ɗaliban jami'o'in gwamnati suna zaune a gida. Wasu daga cikinsu sun mayar da wannan zama aikin sa-kai, suna buɗe zaurukan WhatsApp da Telegram, suna bita da ƙannensu masu shirin jarrabawar WAEC, suna ba su shawara kan zaɓen kwas da neman tallafin karatu.

Irin wannan jagoranci na da tasirin da darasin aji ba ya da shi. Tazarar shekaru kaɗan ce tsakanin jagora da wanda yake ja, don haka yaro ba ya jin nauyin yin tambayar da zai ji kunyar yi wa malami. Ga ɗalibin da aka ɗage wa jarrabawa ba tare da sanin ranar yinta ba, samun mai tuntuɓarsa duk mako ya hana shi yanke ƙauna da karatu. Sai ranar 4 ga Agusta aka bar 'yan ajin ƙarshe suka koma, aka fara WAEC ranar 17 ga watan.

Waɗanda aka bari a baya

Sai dai wannan alheri bai kai ko'ina ba. Shiga muhawara ta bidiyo na buƙatar babbar waya, da data, da wutar caji, da sabis mai ƙarfi. Zoom na kyauta yana yanke taro bayan minti 40, alhali zagaye ɗaya na muhawara ya haura awa guda. Yaron Maitama ko Asokoro yana da kwamfuta da janareta. Takwaransa na ƙauyukan Kwali ko Abaji, a cikin wannan Babban Birnin Tarayya ɗaya, sai ya jira mahaifinsa ya dawo da wayar gidan tilo. 'Yan mata kuwa, aikin gida ya ƙara cinye musu lokacin. Tun kafin annobar ma, UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa.

Akwai hanyar rage wannan tazara. Ana iya yin muhawara da saƙon murya: ɗalibi ya naɗi jawabinsa ya tura, abokin karawa ya amsa cikin wa'adin da aka ɗiba, alƙali ya saurara ya yanke hukunci. Datar da take ci kaɗan ce, ba ta kuma buƙatar kowa ya hau intanet lokaci guda. Ana iya yin ta da Hausa ko Gbagyi, ba lallai sai da Turanci ba.

A watan Maris na 2022 Gwamnatin Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da manhajar karatu ta Nigeria Learning Passport. Mataki ne mai kyau wajen isar da darasi, amma darasi kaɗai ba ya koya wa yaro kare hujja. Wannan aikin yana wuyan shugabannin makarantu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da gidajen rediyo, waɗanda za su iya ware ko da awa ɗaya a mako domin muhawarar ɗalibai.

Korona ta lafa, amma rufe makarantu bai ƙare ba. Yajin aiki da ambaliya da matsalar tsaro suna ci gaba da mayar da yara gida. Makarantar da ta kafa zauren muhawara da jerin jagorori tun ƙofofinta na buɗe, ita ce ba za ta rasa ɗalibanta ba ranar da aka sake garƙame su.