Yunwar da ba a aunawa a azuzuwan ƙasar Gumel

Duk wanda ya taɓa koyarwa a firamaren ƙauye a ƙasar Gumel ya san yadda aji yake komawa idan hantsi ya dubi ludayi. Hayaniyar safe ta kwanta, wasu yara sun kifa kai a kan benci, wasu sun zuba wa allo ido amma hankalinsu ba ya wurin. A kan ce yaro daƙiƙi ne ko malalaci, wani lokaci har da bulala. Da za a tambaye shi da me ya karya kumallo, amsar ba za ta wuce koko tsura ko ragowar ɗumame ba, wani ma ruwa kawai ya kurɓa ya fito. Alhali masu binciken jikin ɗan Adam sun gano cewa a wajen shekara biyar, ƙwaƙwalwa kaɗai tana cinye fiye da kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin da jikin yaro ke buƙata a yini.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 64 cikin ɗari na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A lokacin, a faɗin Najeriya kashi 37 ne, kuma jihar Kebbi ce kaɗai ta ɗara Jigawa. Waɗannan yara su ne suka cika azuzuwan firamare a shekarun da suka biyo baya. Abin da ke damuna shi ne, daga ranar da yaro ya cika biyar, awon ya tsaya. Asibitin tamowa na ƙanana ne, manyan binciken ƙasa su ma ƙanana suke aunawa, makaranta kuwa sunansa kawai take kira a rajista. Ɗan shekara takwas da ya yi kama da ɗan biyar, sai a ce ai haka danginsu suke, gajeru ne.

Ba a rasa abin koyi a wannan yanki ba. Gagarawa tana cikin ƙananan hukumomi uku na Jigawa, tare da Buji da Kiri Kasamma, inda ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar da shirin tallafin mata masu juna biyu tsakanin 2013 da 2019, da kuɗin gwamnatin Birtaniya. An riƙa ba mace naira 3,500 duk wata, daga baya aka mayar 4,000, tun tana da ciki har yaro ya cika shekara biyu, tare da koyar da shayarwa da haɗa abinci. Masu binciken da suka bi sawun yaran sun tarar tsumburewa ta ragu a ƙauyukan da kuɗin ya shiga. Wannan aiki ya dace, domin kwana dubun farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, su ne ginshiƙi. Sai dai girman yaro ba ya ƙarewa a nan. Ƙashi da jini da ƙwaƙwalwa suna ci gaba da ginuwa har bayan balaga.

Akwai kuma yunwar da ke zaune a cikin mai ƙoshi. Yaro na iya cin tuwon gero dare da safe, cikinsa ya cika, amma jininsa ya gaza. Gero yana da sinadarin ƙarfe daidai gwargwado, wanda da shi jiki ke haɗa jini, sai dai a cikin ƙwayar akwai wani sinadari da ke riƙe shi ya hana hanji tsotsewa. Jiƙa hatsi, ko barinsa ya yi tsiro, ko ya yi tsami kamar yadda ake yi wa gasara, duk suna sassauta wannan riƙo. Farin garin 'ya'yan kuka da ake damawa a nono, da ɗanyen tumatir da gwaiba da lemo, suna taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen, shayi kuwa idan aka sha shi tare da abinci yana tauye shi. Yaro mai ƙarancin jini shi ne mai saurin gajiya da haki, mai farin tafin hannu, wanda za a koya masa abu yau gobe ya ce bai taɓa ji ba. Ga zazzaɓin cizon sauro na damina yana fasa ƙwayoyin jini, ga tsutsar ciki tana raba abinci da shi. A Busia ta ƙasar Kenya, da aka riƙa ba ɗalibai maganin tsutsa a makaranta, fashin zuwa aji ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Abin da ya fi ciwo, ƙasar nan tana noma abin da yaran ke buƙata. Je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka ga buhunan riɗi da wake da gyaɗa da zoɓo ana lodawa, ga shanu da tumaki da raƙuma iya ganinka. Ban ɗora wa manomi laifi ba. Da kaka yake sayarwa da araha domin ya biya bashin taki da sauran larurori, idan rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina kuma ya dawo ya sayi tiya da tsada. Ƙwan zabi da nonon da uwa ta samu, su ma kasuwa ake kai su a sayo hatsi, saboda hatsin ne zai ishi kowa a gidan.

Nan ne kwanon makaranta ya kamata ya shigo. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da ɗalibai a 2016, a kan naira 70 ga kowane yaro a rana, daga aji ɗaya zuwa uku. An ƙara zuwa naira 100 a 2022, lokacin da tsada ta riga ta cinye ƙarin, sannan aka dakatar da shirin a watan Janairun 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi. A ganina bai kamata Jigawa ta zauna jiran Abuja ba. A Burazil, dokar 2009 ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin abincin makaranta wajen ƙananan manoma. Da za a yi haka a Sule Tankarkar, a sayi wake da gero da gyaɗa da kaka daga iyayen yaran, a adana, matan gari su dafa ɗanwake da dambu da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da kuɗin ya tsaya a garin, manomi kuma ya sami mai saye a ƙofar gida. Kwalejin Ilimi ta Gumel tana iya koya wa malaman da take yayewa yadda ake auna tsawo da nauyin ɗalibi kowane zango, aikin da sikeli da magwaji kawai yake buƙata.

Duk wanda zai tsara sabon shiri kuma, kada ya tsaya a aji uku. 'Yan matan aji biyar da shida su ne ke dab da fara al'ada, lokacin da buƙatar jikinsu ga sinadarin ƙarfe take ƙaruwa sosai, kuma da yawansu cikin 'yan shekaru za a kai su ɗakin miji. Yarinyar da ta ɗauki cikin fari da ƙarancin jini ta fi shiga haɗari ranar haihuwa, jaririnta kuma ya fi yiwuwar zuwa da ƙaramin nauyi. Su ma a sa su cikin lissafin tukunya, a haɗa musu da ƙwayar ƙarin jini ta mako-mako, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa 'yan mata da matan da ke al'ada a wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa.