Gargaɗi ga Iyaye a kan Giya da Ƙwaya

 Wannan takarda ce zuwa ga jama'ar da suka zaunu a hanyar Makka, da 'yan'uwansu da suka ƙetare teku.

A sani, Summerfield ƙaramin gari ne kusa da birnin Greensboro, jihar North Carolina a Amurka, birnin da mutanen Nijar da yawa suka yi gida. Dokar 1984 ta sa jihohin ƙasar suka hana sayar da giya ga wanda bai kai shekara 21 ba, a 2019 aka yi wa taba haka. Sai dai doka ba ta kwana a ɗakin yaro.

Babbar musiba can ita ce ƙwayar jabu mai kama da ta likita, an cuɗa ta da fentanil, wanda miligiram 2 nasa kan kashe mutum. A 2022 fiye da mutum 100,000 ƙwaya ta kashe a Amurka. Gida ma bai tsira ba, don ɓarnar kodin a Kano da wasu garuruwa ce ta sa Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

To, abin da ya wajaba ga iyaye huɗu ne. Na farko, su kulle maganin gida, domin sau da yawa daga ragowarsa yaro kan fara. Na biyu, su san abokansa da inda ya yini. Na uku, su fara yi masa zancen tun bai balaga ba, da sauƙin harshe, suna maimaitawa. Ko giya a hankali aka hana ta: aka ambaci zunubinta a Baƙara, aka hana salla cikin maye a Nisa'i, kana aka haramta ta a Ma'ida. Na huɗu, kada kunya ta sa su ɓoye. Idan aka tarar da yaro bai farka ba, numfashinsa ya yi rauni, a kira 911 nan take, a fesa masa Narcan a hanci, wanda tun 2023 ake sayarwa ba da takardar likita ba.

Yaron da aka kora daga gida, mai sayar da ƙwaya ne ke karɓarsa. 'Ya'ya amana ne, kuma za a tambayi iyaye a kansu.

Wanda ya karanta ya kwafa wa ɗan'uwansa. Allah Ya shirya zuriya, amin. Tammat.