Manhajar Beta A Wayar Hannu: Abin Da Ya Kamata Mai Riƙon Amana Ya Sani

 

Wata ranar Asabar bayan sallar La'asar, a masallacinmu na Dichemso, wani ɗalibina ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, na yi ɓarna." Shi ne yake ɗaukar karatun tafsirinmu da wayarsa yana tura wa waɗanda ba su samu zuwa ba, kuma a cikin wayar yake rubuta sunayen masu ba da gudummawar gyaran rufin makaranta. Wani abokinsa ya nuna masa sabon tsarin waya wanda ba a fitar wa jama'a ba tukuna, ya burge shi, ya sauke. Kwana biyu a tsakani manhajar bankinsa ta ƙi buɗewa, wayar tana zafi, caji ba ya kai Azahar. Ya kai wa mai gyara, mai gyara ya yi mata filashin. Wayar ta dawo lafiya, amma karatun wata huɗu da jerin sunayen duk sun tafi. Kuɗin jama'a suna nan, alhamdu lillahi, sai dai mun yi mako uku muna bin mutane gida-gida muna tambayar wa ya bayar da nawa, kuma a irin wannan tambayar ne zato yake samun ƙofar shiga.

Wannan ne ya sa na ga ya dace a yi bayanin abin ga jama'ar masallatai da ɗalibai, ta fuskar yadda yake aiki da kuma ta fuskar hukunci.

Mene ne beta?

Kowace waya mai shafawa tana da babbar manhaja wadda sauran manhajoji suke zaune a kanta. A wayoyin Tecno da Infinix da itel da Samsung da Pixel, sunanta Android, ta kamfanin Google. A iPhone sunanta iOS, ta kamfanin Apple. Duk shekara kamfanonin suna fitar da sabuwa. Kafin su fitar, sukan ba masu son gwadawa wadda ba a gama gyarawa ba, domin su gano kurakurai su kai rahoto. Wannan ita ake kira beta.

Ɗaliban ilimi sun san misalinta. A da, idan marubuci ya kwafi littafi da hannu, ba a karantar da shi sai an yi muƙabala, wato a zauna a gwama kwafin da asali layi-layi a gyara inda alƙalami ya tsallake. Beta kwafi ce da ba a gama yi mata muƙabala ba, kuma wanda ya sauke ta ya yarda ke nan ya zama cikin masu neman kurakuran.

Apple yakan nuna sabon iOS a watan Yuni, ya buɗe gwajin jama'a a Yuli, ya fitar da kammalalle a Satumba. Haka aka yi da iOS 26, wanda aka nuna a Yunin 2025 aka fitar ranar 15 ga Satumba. Tun shekarar 2023 shiga gwajin ya zama da sauƙi ƙwarai: wuri ne a cikin saitin waya mai suna Beta Updates, kuma wannan sauƙin ne ya jefa mutane da yawa ciki. Google yana yin nasa gwajin a wayoyin Pixel. Na Android 16 ya fara a Janairun 2025, kammalallen ya fito a Yuni. Samsung yana yin nasa ta manhajar Samsung Members, kuma a ƙasashe ƙalilan. Lokacin da ya buɗe gwajin One UI 7 a Disambar 2024, ƙasashe shida ya fara ba wa: Koriya ta Kudu, Amurka, Birtaniya, Jamus, Folan da Indiya. Babu Gana a ciki. Kuma kamfanonin ba su ɓoye komai ba: suna gargaɗin cewa akwai kurakurai, a ajiye kwafin bayanai kafin a sauke, kuma ya fi kyau a gwada a wayar da ba ita mutum ya dogara da ita ba.

Matsalolin da aka fi kuka da su

Ta farko, manhajojin kuɗi. Manhajar banki tana binciken wayar da take kai kafin ta buɗe. Idan ta tarar da tsarin da ba ta sani ba, wani lokaci sai ta rufe kanta ko ta ƙi karɓar hoton yatsa. Masu manhajar ba su ɗauki alkawarin za ta yi aiki a kan beta ba, saboda haka babu wanda za ka kai wa ƙara.

Ta biyu, batir da zafi. Bayan kowane babban sabuntawa waya takan yi kwana ɗaya ko biyu tana sake tsara hotuna da manhajoji a ɓoye, sai ta yi zafi ta sha caji. Wannan yakan wuce da kansa. Amma a beta akwai ƙarin aikin tattara bayanan kurakurai, ga kuma sassan da ba a daidaita ba, sai shan cajin ya zarce. Wanda ya san yadda wuta take ɗaukewa a unguwanninmu ya san abin da wannan yake nufi.

Ta uku, wadda ta fi shafar mu, ita ce manhajar lokutan sallah ta yi shiru. Dalilinsa sananne ne. Tun daga Android 13 manhaja ba ta iya aiko da sanarwa sai mai waya ya ba ta izini, kuma daga Android 14 izinin buga ƙararrawa a daidai minti ba ya zuwa a buɗe ga yawancin sababbin manhajoji. Ga kuma tsarin tattalin batir da yake kwantar da manhajar da ba a buɗe ba. Sabuntawa yana iya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan, sai mutum ya farka rana ta fito. Haka ma alƙibla: kamfas ɗin waya yana iya karkacewa. Alƙiblar Kumasi tana wajen digiri 65 daga arewa zuwa gabas, kuma mihrabin masallacin da aka tabbatar da shi ya fi kibiyar waya abin dogaro.

Ta huɗu, ƙananan abubuwa masu ɓata rai: kira yana yankewa, sabis yana ɓacewa, kamara tana daskarewa, wayar tana kashe kanta ta kunna.

Ta biyar ita ce babba: shiga da sauƙi, fita da wuya. Waya ba ta komawa tsohon tsari sai an goge duk abin da yake cikinta. A iPhone kuma, kwafin ajiyar da aka yi a kan sabon iOS ba ya zama a kan tsoho. Wanda bai ajiye kwafi kafin ya shiga ba, shi ne yake tarar da abin da ɗalibina ya tarar.

A kula da jabu

Babbar manhajar waya tana zuwa ne ta cikin saitin wayar ko ta manhajar kamfanin da ya ƙera ta. Duk wanda ya turo maka mahaɗi a WhatsApp ya ce ka latsa ka sauke sabon Android, ko fayil ɗin da zai mayar da Tecno ta zama iPhone, ka ƙyale shi. Mafi sauƙin sharrinsa talla ce za ta cika maka waya. Mafi muninsa a karanta saƙonnin da suke ɗauke da lambobin tabbatarwa na asusunka. Haka kuma mai gyaran da zai ce zai fasa kullen tushen wayar ya sa maka tsarin wata ƙasa: fasa wannan kullen yana goge waya, yana sa manhajojin banki da yawa su ƙi ta, kuma a Samsung sa tsarin da ba na kamfani ba yana karya hatimin tsaro na Knox, karyewar da ba ta gyaruwa.

Ta fuskar hukunci

Asalin irin waɗannan abubuwa halacci ne. Wanda ya gwada beta a wayarsa ta kansa, wadda babu haƙƙin kowa a ciki, bai yi laifi ba. Yana ma iya samun lada idan ya kyautata niyya, kamar ɗalibin kwamfuta a KNUST ko Kumasi Technical University da zai kai rahoton cewa rubutun Larabci yana hargitsewa, ko haruffanmu masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ ba sa fitowa daidai. Idan babu mai gwadawa daga cikinmu, babu mai faɗa musu.

Magana tana canzawa idan wayar tana ɗauke da haƙƙin wasu. Allah Ya yi umarni da mayar da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i, aya ta 58, kuma Ya yi umarni da rubuta bashi a Suratul Baƙara, aya ta 282. A yau littafin bashin mai shago da yawa a Kejetia da Aboabo yana cikin waya ne, haka lissafin adashi, haka gudummawar masallaci. Ƙa'idar da malamanmu na Malikiyya suka yi bayani a babin ajiya, a Risala da Mukhtasar da sharhohinsu, ita ce wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta, sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. To wanda aka gargaɗe shi a rubuce cewa abin nan yana iya lalata bayanai, ya latsa ya amince, bai ajiye kwafi ba, da wuya ya kuɓuta daga sunan sakaci. Kada ya ce ƙaddara ce kawai. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah.

Abu biyu suna bin wannan. Yaro ba shi da damar sa wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa beta a waya ba da saninsu ba, ko da da nufin kyautatawa ne. Mai sayar da waya ta hannu a Adum ko a ko'ina, idan tana kan beta ko an fasa kullenta, wajibi ne ya bayyana wa mai saye, domin aibi ne da yake rage amfaninta.

Wanda ya riga ya shiga, me zai yi?

1. Kada ya yi gaggawar gogewa ko filashin. Ya fara kwashe hotuna da sautuka da takardu zuwa kwamfuta ko katin ajiya, ya yi kwafin WhatsApp ya tabbatar ya kammala. Google yana ba da 15GB kyauta, iCloud 5GB kawai, kuma idan wurin ya cika kwafin ba ya hawa. Lissafin kuɗin jama'a kuwa ya kwafe shi a takarda a ranar.

2. Ya tabbatar ya san adireshin asusunsa na Google ko Apple da kalmar sirrinsa. Da yawanmu yaron shago ne ya buɗe mana ranar da muka sayi waya. Bayan gogewa wayar tana iya neman wannan asusun, in babu shi ta zauna a kulle.

3. Kuɗin MoMo ba a cikin waya suke ba, suna asusun da yake haɗe da lambarka. Idan manhaja ta ƙi, ka buga *170# a layin MTN, ko ka cire layin ka sa a ƙaramar waya mai madannai, wadda a nan ake kira yam. Kada ka ba mai gyara lambar sirrinka.

4. Ya kashe wayar ya kunna, ya sabunta manhajojinsa daga Play Store ko App Store, ya sauke beta ta gaba idan ta fito, domin sau da yawa ita take gyara kuskuren ta baya.

5. Ga manhajar sallah, ya duba izinin sanarwa da izinin ƙararrawa, ya cire ta daga tattalin batir, ya gwama lokutanta da jadawalin masallaci.

6. Idan zai iya haƙuri, hanya mafi aminci ita ce ya jira kammalalle. A iPhone ya kashe Beta Updates, idan kammalallen da ya fi nasa sabunta ya fito ya sauke, ba tare da ya rasa komai ba. A Pixel, fita daga shirin a tsakiyar gwaji yana kawo sabuntawar da take goge waya, amma wanda ya jira kammalalle ya sauka sannan ya fita, bayanansa suna tsira. A Samsung komawa baya tana bukatar kwamfuta da manhajar Smart Switch, ita ma tana gogewa.

Wanda yake son gwadawa

Ya nemi waya ta biyu wadda babu banki babu amanar kowa a cikinta. Ya ajiye cikakken kwafi kafin ya fara. Ya yi amfani da Wi-Fi, domin fayil ɗin yana cin data mai yawa, kuma batir ya kasance a cike. Ya guji lokutan da ba a wasa da waya: gab da azumi, lokacin jarrabawa, da kafin tafiya Hajji ko Umra, inda ake neman izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk. Idan zai tura rahoton kuskure da hoton fuskar waya, ya duba kada saƙon wani ko lambarsa su shiga ciki, domin sirrin mutane ma amana ne.

Ina kira ga kwamitocin masallatai da makarantunmu a Dichemso da Asawase da Sawaba da sauran unguwannin Zango: kada lissafin jama'a ya zauna a waya ɗaya a aljihun mutum ɗaya. A sami littafi, a sami mutum na biyu mai kwafi, karatuttukan malamai kuma a riƙa kwashe su duk mako. Mu mun fara haka tun bayan abin da ya faru, kuma ɗalibin nan shi ne yake riƙe da littafin yanzu.

Allah Ya sa mu cikin masu kiyaye amana, Ya amfanar da mu da abin da Ya hore mana, Ya tsare mu daga sharrinsa. Allah ne Mafi sani.